Hawan Rukomo da Garwa Biyu

Litinin, 2 ga Yuni

Ina raye. Wannan na fara rubutawa, sauran ya biyo baya.

Hannu biyu, ƙafa biyu, haƙora cif, tun ina kwance cikin lambatu na bi su da harshe ɗaya bayan ɗaya. Gwiwar hagu ce kawai ta saluɓe. Madara lita saba'in kuwa ƙasa ta shanye abinta, ko godiya babu.

Kamar kullum na fito daga kwari da garewanina biyu, na iso kwalta, na tsaya a gindin hawan Rukomo ina jiran tirela. Kilomita biyar ne hawan nan. Ba a haifi wanda zai taka feda da lita saba'in ya hau shi ba. Ko dai ka tura da ƙafa, awa ɗaya da rabi, madara ta yi tsami kafin ka kai cibiyar tara madara ta Byumba, ko ka kama bayan tirela ta ja ka. Doka ta hana, kowa na yi. Na kama wata mai siminti, hannun dama a ƙugiyarta, na hagu a kan keke, hancina daidai bakin salansa. A kwana ta uku direban ya hango 'yan sanda, ya taka birki kamar ya ga uwarsa a tsakiyar titi. Tayata ta gaba ta daki ƙarfe. Daga nan sai sama, sai lambatu.

Mama Shema ba ta ɗaga murya ba, shi ya fi ciwo. Ita ce shugabar matan nan tara da nake ɗaukar madarar shanunsu. Ta dubi gwiwata, ta dubi garwar da ta lotse, ta ce, "Ndoli ɗana, mun gode Allah da ranka. Amma sau biyu ke nan: watan jiya ta yi tsami, yau ta zube. In aka yi na uku, Twagira za mu ba." Twagira mai babur, wanda tun bara yake zagaye gidajensu kamar shaho.

In suka karɓe madarar nan ba ni da komai. Ba gona, ba takarda. Keke da baki kawai.

Amma dai ina raye. Wake na ci kwano biyu.

Talata, 3 ga Yuni

Na yi abin da na saba. Na buɗe baki.

Kawu Sebahire, yayan Inna, shi ya fito da ni daga lambatu jiya. Yana bayan tirelar da ke biye da tamu, ya saki, ya yi asarar hawansa saboda ni. Shi ne ma ya koya mini aikin nan bayan rasuwar Baba. Yau a wurin mai shayi, gaban 'yan keke kusan goma, ya ce, "Fitilar birki ake kallo, yaro, ba gajimare ba." Aka yi dariya. Kaina ya ɗau zafi. Na ce, "Kawu, shekara talatin kana shinshinar ɗuwawun tirela, me ka ƙaru da shi ban da tari? Ilimin da za ka gadar mini ke nan?"

Ya shanye shayinsa, ya biya nasa da nawa, ya fita.

Har nawa ya biya. Mugun tsoho.

Juma'a, 6 ga Yuni

Na sake kama tirela, to me zan yi. Da na tofar da kaki, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Shekarata ashirin da huɗu fa.

Muna cikin hawa sai ga likitar dabbobi, matar nan mai tabarau, ta wuce mu a kan keke. Keke! Ga akwatin magani a baya, tana taka feda kamar mai yawon shan iska, ba ƙara, ba hayaƙi, ta bar mu da tirelarmu tana nishi. Na same ta a cibiya, na tsugunna gaban keken ina karanta duk abin da aka rubuta a jikinsa. Na lantarki ne. Ta ce, "Kai ɗan makaranta ne?" Na ce aji biyu na yi. Buhun dusa ne malamina na farko, sai takardar cikin kwalin maganin tsutsa, sai jaridar da ake ƙunsa gyaɗa. Ta yi dariya, ta ce ofis ne ya saya mata, kuɗinsa ya kusa miliyan.

Na miƙe na kakkaɓe gwiwa.

Lahadi, 8 ga Yuni

Ban je coci ba, na zauna da waya da ƙamus. Turancin masu talla Turancin maƙaryata ne, amma na tsinci abin da nake nema.

Keken lantarki sabo daga kanti dubu ɗari tara da wani abu ne na faran, kuɗin ƙasarmu, kuma kariyarsa ko garwa ɗaya ba za ta ɗauka ba, don masu zuwa ofis da jaka aka yi shi. Amma injin a tsakiyar taya yake zama, kuma ana sayar da shi daban, da batir, da totur, da 'yan wayoyi. Ka ɗaura wa tsohon kekenka. Rabin kuɗin can. Kekena kuwa baƙin ƙarfe ne na Baba, ya ɗauki abin da jaki zai ƙi.

Adashinmu na 'yan keke ni ne da ɗauka ranar ashirin. In bai isa ba akwai akuya...

Twagira na zuba fetur na dubu uku kullum, ban da baƙin mai. Cajin batirin nan bai kai kuɗin shayi da burodin capati ba. Sau uku na maimaita lissafin don ban yarda da shi ba.

A rediyo wani mai ƙoshi yana ta wa'azi a ceci duniya daga hayaƙi. Daga cikin mota mai sanyi, na tabbata. Duniya ta ji da kanta. Ni huhuna nake son ceta, guda biyu ne kacal.

Alhamis, 12 ga Yuni

Didas ya ɓata mini rai, kuma ya cece ni, ɗan banza.

Shi ne mai gyaran rediyo da waya a kasuwar Byumba, tare muka taso. Na kai masa rabin buhu na tsofaffin batiran kwamfuta da na samu a arha, na ce mu farke su mu haɗa namu batir, na gani a waya. Ya kira ni da sunan tsokanata, ya ce, "Farfesa, a ina zai riƙa kwana?" Na ce ɗakina mana. Ya zaɓi ɗaya da ya kumbura, ya kai bayan shago, ya sa a bokitin yashi, ya soke shi da dogon ƙarfe daga nesa. Wuta ta yi tsiri, da wani wari mai shaƙe wuya. Ya ce, "Wannan ɗaya ne. Kai hamsin kake so ka jera ƙarƙashin gado, ga ɗakin Inna jikin naka."

Na zage shi, na zagi wanda ya yi bidiyon. A hanya kuma abin ya dawo mini. Da ban biya ta wurinsa ba fa?

Sabon batir za a saya. Akuya ta tafi ke nan.

Na tambaye shi in batirin ya mutu nan da 'yan shekaru ina za a jefa shi, ko shi ma wani hayaƙin ne da aka ɓoye a akwati. Ya ce masu sayarwa na karɓar matacce. Za mu gani. Buhun dai ya ƙwace, wai ya san ni, zan iya zubawa a rafi don haushi.

Asabar, 14 ga Yuni

Na gaida Kawu a gindin hawa. Ya amsa. Daidai amsar, ko harafi bai ƙara ba.

Juma'a, 20 ga Yuni

Adashi ya zo hannu. Akuya ta tafi tana waiwayena, munafuka, ita da ta cinye mini rabin littafi bara.

Litinin, 23 ga Yuni

Na sauke madara, muka hau bas zuwa Kigali ni da Didas. Mai shagon farko ya ga takalmina na taya, ya ninka kuɗi. Ya miƙo inji ya ce ƙarfinsa wat dubu ne. Na juya shi, na karanta masa abin da ke rubuce a jiki da ƙarfi har maƙwabcinsa ya ji: ɗari uku da hamsin. Na ce, "Maigida, sauran a gida ka baro su?" Didas ya ja ni waje kafin a yi abin kunya.

A shago na uku wata mata ce marar surutu. Ta tambayi nauyin kaya da tsawon hawa, ta zaɓa mini inji, ta ce sai na taimaka masa da feda, in sa wa tayar wayoyi masu kauri, in kuma canza birki. Birki bai taɓa zuwa kaina ba. Duka-duka dubu ɗari huɗu da sittin. Abin da ya rage kuɗin bas ne da gasasshiyar masara ɗaya, muka raba.

Na rungume kwalin a cinya har gida kamar jariri.

Alhamis, 26 ga Yuni

Ya tashi!

Yamma uku muna fama, Didas da wayoyi, ni da sifana. Jiya mun haɗa a juye, taya ta riƙa gudu da baya, 'yan kallo suka sha dariya har da masu riƙe ciki. Yau na murɗa totur, keken Baba ya zabura kamar an tsikare shi. Batir mun rataye shi a gefen kariya, don garewani sun cinye sama. Keken na ɗan karkata hagu. Zan gyara.

Juma'a, 27 ga Yuni

Wannan zan rubuta shi a hankali, kada in manta komai.

Hanyar kwari na bi ta sannu, ina tsoron kada wata waya ta tsinke. A gindin hawa 'yan keke bakwai na jiran tirela, har da Kawu. Wani ya ce, "Farfesa, amaryar taka ba ta gaida mutane ne?" Ban tsaya ba. Na taka, na murɗa. Kwana ta farko. Ta biyu. Ta uku, na tofa wa lambatun nan yawu. Ina ta jira in ji inji ya mutu, bai mutu ba, wani ɗan zuuu kawai yake kamar sauro mai ladabi. Na ja numfashi har ƙasan ciki. Iska zalla, da ƙanshin bishiyar turare. Shekara shida, ban taɓa hawan nan da baki a buɗe ba.

Bakwai da rabi na isa. Kampire, mai gwajin madara a cibiya, ta dubi agogo ta dube ni. "Ndoli, ko a nan ka kwana?" Ta ɗiba, ta gwada, ta ce lafiya lau, har da ɗumin hantsar saniya.

Na zagaya bayan ginin na sauke ajiyar zuciyar da nake riƙe da ita tun biyu ga wata. Idona ya yi wani abu. Iskar hanya ce.

Laraba, 2 ga Yuli

Ko cokali ɗaya na madara ba a mayar mini ba tun ranar Juma'a. A shagon Didas nake caji, ya duba mita, faran ɗari biyu da 'yan kai a rana. Twagira ya tare ni a mararraba, wai abin wasa ne, ruwan farko zai kashe shi. Na ce, "Ka gaishe mini da mai gidan mai, ka ce ina kewarsa."

Kakina ya fara washewa.

Litinin, 7 ga Yuli

Karkatar nan ta dame ni. Na karanta cewa nauyi ƙasa ya kamata ya sauka, ya rabu daidai hagu da dama. Na sayi babbar garwa ta hannu, na ajiye ƙaramar tawa mai cin lita ashirin. Yanzu manya biyu ne masu cin hamsin-hamsin, ɗaya kowane gefe, zan zuba talatin da biyar a kowacce, batir a sama a tsakiya. Keken ya tsaya cak kamar sikeli. Gobe tun daga kwari zan buɗe masa wuta, bakwai daidai nake so in gani.

Kawu ya tarar ina ɗaurawa. Ya buɗe baki kamar zai yi magana. Na ce, "Da gyara ne?" da irin muryar nan tawa. Ya rufe bakinsa ya wuce.

Talata, 8 ga Yuli

Na uku.

Bakwai saura biyar na isa, ina washe baki. Kampire ta buɗe garwa. Ta ce in leƙa. Wasu 'yan gudaji rawaya na yawo a sama kamar ƙwan kwaɗo. Ta biyu ma haka. "Man shanu ne," in ji ta. "Mai ya fita daga madarar. Ba ta yi tsami ba, amma ba zan zuba wannan a tanki ba." Na yi mata ihu. Ta ce, "Ihunka ba zai mayar da shi ciki ba. Ni ma ban so ba."

Na koma da ita kwari. Mama Shema ta leƙa, ta dubi batir, ta matsa baya kaɗan. "Lahadi bayan coci za mu zauna. Kafin nan Twagira ya ɗauka."

Alhamis, 10 ga Yuli

Kwana biyu ba aiki. Na karanta duk abin da waya ta sani a kan batir da madara. Babu. Didas ya rantse ba wutar da ke taɓa garwa. Twagira kuwa na bin gida-gida, wai lantarki ne ke tsinka madara kamar yadda tsawa ke yi. Abin haushin, ni ma na fara cewa ko gaskiyarsa ce. In keken ne, shi ke nan. Adashi ya tafi, akuya ta tafi, madara ta tafi.

Inna ta ajiye mini dankali. Yana nan.

Juma'a, 11 ga Yuli

Da yamma ina zaune gaban keke kamar mai zaman makoki, sai na ji tari daga cikin ayaba. Kawu. Bai gaishe ni ba, Inna ya gaisar. Ya ce in zuba ruwa a garwa daidai inda madara ta tsaya ranar Talata. Na zuba. Ya karkata ta ya jijjiga. Ɓulum, ɓulum. Ya ce in cika ta har wuya. Ya rufe, ya jijjiga. Shiru.

Ya kira Inna. "Ƙanwata, in za ki kaɗa nono, cika gora kike yi?" Ta ce, "Wace mahaukaciya ce za ta cika? In ba fili a ciki ta ina zai bugu?" Tana faɗa ta dubi garwa, ta dube ni, ta kama baki.

Kilomita tara na gargada, a guje, madara da ɗuminta, garwa ba a cike ba. Ba ɗaukar madara na yi ba, kaɗa ta na yi. Na kashe dubu ɗari huɗu da sittin na ƙera goran kaɗa nono mafi tsada a duk gundumarmu ta Gicumbi.

A gidanmu namiji ba ya taɓa goran nan, ko kusa ba ya zama. Ta ina zan sani? Ba a rubuta a ko'ina ba. Na ce shi fa, ta ina? Ya ce a shekararsa ta farko shi ma ya kai wa wani otal man shanu ba a aike shi ba. "Garwa ko cike ko wofi. Gargada kuma ka bi ta kamar ka ɗauko mai naƙuda. Ranar Litinin na so in faɗa maka."

Dariya ce ta ƙwace mini, irin mai ciwo, har na zauna a ƙasa. Ba inji ba ne. Ba batir ba ne. Ni ne kawai, ni kuwa ana iya gyara ni.

Da zai tafi ya ce zai zo zaman Lahadi, da sharaɗi ɗaya: in bar bakina a gida.

Na cinye dankalin jiya da na yau.

Asabar, 12 ga Yuli

Mun mayar da batir tsakanin ƙarafan keke, ƙarƙashin sirdi. Karkata ta tafi. Tun farko da nan muka sa shi.

Lahadi, 13 ga Yuli

Tsakar gidan Mama Shema, mata tara a kan benci, Twagira ya jingina da baburinsa yana kaɗa makulli. Shi ya fara: lantarki da madara ba sa haɗuwa, ko kakarsa ta sani. Amsa ta zo mini har bakin haƙora, tankin sanyi na cibiya da gawayi yake aiki? Na cije harshe har na ji gishiri.

Kawu ya fito da kwalabe biyu na madara, ɗaya cike, ɗaya rabi. Ya ce su riƙa girgizawa suna miƙa wa juna, zai ba su labari. Ya yi ta jan wani labarin banza na saniyarsa da ta ci sabulu. Kafin saniyar ta warke, mai rabi ta yi gudaji. Mai cike ko gezau. Sannan ya faɗa musu yadda na raba garewani. Matan suka fashe. Wata ta ce, "Ashe aikinmu Ndoli ya ƙwace! A nemo masa zane!" Na shanye.

Mama Shema ta share hawayen dariya ta ce wa Kawu, "Muzehe, dattijonmu, mun ji. Amma magana muka yi, uku." Kawu ya ce, "Kun yi. Biyun farko na tirela ne, ya rabu da tirela. Na ukun na wauta ne, ita ma sun rabu tun shekaranjiya, a gabana aka yi. Ku ba shi mako guda." Sai wata tsohuwa ta ce ita dai tun da babur ya fara shigo mata gida da sassafe saniyarta ke firgita tana riƙe nono, kuma murfin garwarsa warin fetur yake. Twagira ya ce sharri ne.

Mama Shema ta juyo kaina. "Kai fa? Yau an ga abin mamaki, Ndoli ba baki." Na ce, "Ku yi haƙuri da asarar Talata, Mama. Laifina ne." Ban san akwai kalmomin nan a cikina ba.

Mako guda suka ba ni.

Litinin, 14 ga Yuli

Babba har wuya, ƙarama har wuya. Gargada a hankali, har wata mai itace ta kusa wuce ni da ƙafa. A kwalta na buɗe. Takwas saura kwata. Kampire ta ɗaga murfi ta daɗe tana leƙe, don mugunta, sannan ta ce, "Yau ba ka kawo mana na miya ba?" Ta juye a tanki.

Na ba ta haƙuri kan ihun ranar nan. Abin na neman zame mini jiki, sai na kula.

Lahadi, 20 ga Yuli

Bakwai cikin bakwai. Mama Shema ta aiko da kwanon nono mai kauri, ba ta haɗo da magana ba. Na gane. Na yi barcin rana kamar gawa.

Didas ya ce Twagira ya je yana tambayar kuɗin inji. Wai wani ɗan'uwansa ke so.

Laraba, 23 ga Yuli

Ba wani abu ba ne, amma bari in rubuta.

Na iso gindin hawa na tarar da Kawu shi kaɗai. Sauran sun samu tirela sun tafi, shi tari ya hana shi kamawa. Yana dafe da kan keke yana jiran numfashi ya dawo. Ga wata tirelar na tahowa, tun kafin a gan ta an ga hayaƙinta. Na tsaya wai ina duba sarƙa. Sarƙa lafiyarta ƙalau.

Na ce, "Kawu, ƙarfin injin nan nake so in gwada. Kama kariyata."

Ya ce, "Ni da na saba da ɗuwawun tirela, naka zai ishe ni?"

Na ji ta har ƙashi. Na ce, "Nawa dai ba ya hayaƙi." Ya yi dariya har tarin ya dawo, sannan ya kama.

Nauyi ba na wasa ba. Lita saba'in nawa, hamsin nasa, ga mu biyu. Sai da na miƙe tsaye a kan feda, gumi har cikin ido, inji na ƙorafi. Tirelar ta wuce, muka kau da kai har hayaƙin ya baje. Daga nan sai shiru. A kwana ta uku na ji ya ce, "Tsaya... a'a, kada ka tsaya. Mene ne wannan?" Na ce me? Ya ce, "Ruwa. Ashe akwai ruwa a nan?" Wani ɗan rafi ne ƙarƙashin titi, yana ta surutunsa. Shekara talatin yana bi ta kansa, a hawa ƙarar tirela, a gangara ƙarar garwa wofi, bai taɓa jin sa ba.

Muka yi hira har ƙoli. A hawan Rukomo, hira! Ya ba ni labarin ranar da Baba ya sayi keken nan, ya turo shi da ƙafa tun daga Byumba don kada tayar ta yi datti. Ban taɓa ji ba.

Takwas da minti goma muka isa, batir saura ɗigo ɗaya, inji ba ya taɓuwa don zafi. Didas ya ce in na mayar da haka al'ada zan rage wa batirin kwana. Na ce gwaji ne. Na dai tambaye shi ko keken Kawu zai ɗauki inji, na kuma duba watan da adashi zai zagayo kansa. Tambaya ce kawai.

A wurin mai shayi na riga shi biya. Ya gani, ya mayar da kuɗinsa aljihu.

Na ce masa gobe bakwai da kwata a gindin hawa, gwajin bai kammala ba. In ya makara ba zan jira ba, madarar mutane ce a kaina. Minti biyar, shi ke nan.

To, goma.